Hakimin Bakin Teku da Ganyen da Na Ƙi Sa wa Hannu

Nafisa, ke ce babba, kuma ke kika fi kowa jin jiki a shekarar da zan ba da labarinta, saboda haka da ke zan fara. Na san abin da ake faɗa a dangi. Wai ubanku yana zaune a Dubai cikin rufin asiri, ya tsiri rigima da maigidansa a kan wani Nasara da ya mutu tun ɗaruruwan shekaru, har ya jawo aka kwashe ku aka mayar Kano ana tsakiyar karatu. Ba ƙarya aka yi mini ba, sai dai an gutsure labarin. Yanzu da idona ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, gara in rubuta muku shi yadda ya faru, ke da ƙannenki Mujahid da Ummi, kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Kakanku mai kwafe littattafai ne a cikin birnin Kano. A gindinsa na koyi karanta rubutun hannu irin namu na Warash, wanda ake sa wa fa ɗigo a ƙasa, a sa wa ƙaf ɗigo ɗaya tak a sama. Daga baya na yi karatun Larabci na zamani, na koyar a sakandare shekaru masu yawa, ban taɓa zaton rubutun zauren mahaifina zai kai ni ko'ina ba. Alhaji Ɗanlami ne ya buɗe ƙofar, abokina tun ƙuruciya, mai sayen kayan gyaran mota a Dubai yana aikawa gida. Ya san wani Balarabe ɗan ƙasar Sham da ake kira Abu Faris, mai shagon kayan tarihi a Al Buteen, can bakin ruwa inda jiragen katako ke lodi. Abu Faris yana samun tsofaffin takardu daga ƙasashen Magrib, amma duk waɗanda ya ɗauka su karanta masa sai su yi ta tuntuɓe, domin idonsu ya saba da rubutun gabas. Ranar da ya gwada ni, ya miƙo mini wata takardar gado da asu ya ci gefenta, na karanta masa ita kamar ina karanta wasiƙar gida. Ya tafa hannu ya ce halas, an gama. Ina so ku sani mutumin nan ya kyautata mana. Shi ya yi muku biza ku da mahaifiyarku, shi ya samo mana filat, kuma kullum da hantsi da kansa yake hawo mini da shayi ɗakin aikina na saman shagon.

A shekara ta huɗu aka kawo masa wani ƙaramin akwati na fata. A ciki akwai ganyen takarda talatin da 'yan kai, wasiƙu ne da wani magatakarda Musulmi ya riƙa aika wa yayansa. Ba zan ambaci sunan garin ba, domin takardun ba nawa ba ne. Ya isa ku san gari ne mai ganuwa a gaɓar Afirka ta arewa, a zamanin da Normandawa suka riƙe wasu garuruwan bakin teku na ɗan lokaci. Normandawan nan Nasara ne daga arewacin ƙasar Faransa, mayaƙa ne da suka gangaro kudu har suka kafa sarauta a tsibirin Sisili, daga nan suka tsallako teku. Sarkinsu ya ɗora wani dattijon baradensa a kan wannan gari, magatakardan kuma shi ke rubuta masa takardu da Larabci. Bai cika kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mai garin". Mu a gida muka sa masa Hakimi.

Wata biyar na yi ina bin rayuwar mutumin nan layi-layi. Auta ne a gidansu, kuma a al'adarsu babban ɗa ke cinye gadon ƙasa, don haka ya bar gida da doki da takobi kawai. Ya yi wa sarki yaƙi har furfura ta fito masa, sannan aka saka masa da garin da babu mai so: teku a gabansa, makiyayan sahara a bayansa, ga labarin rundunar Musulmi tana taruwa a yamma. Dakarunsa ba su da yawa, sai ya mulki garin da lalama. Ya bar alƙali a kan kujerarsa, bai hana kiran salla ba. Yana jagwalgwala Larabci, yana kiran namiji da "ke", magatakarda na cije leɓe kada dariya ta kuɓuce. Da aka yi fari ya aika jirage suka kawo alkama daga Sisili, ya tsaya da kansa a bakin rumbu ana rabo. Matarsa ta mutu da zazzaɓi a shekararsa ta biyu, aka binne ta a ƙasar da ba ta san harshenta ba, ya shafe kwanaki yana zama a kan ganuwa yana kallon ruwa. Amma kada ku ɗauka waliyyi ne. An taɓa kashe masa soja ɗaya a kasuwa, ya sa aka rataye mutum biyu ba tare da shaida ba, kuma a wannan ganyen har rubutun magatakarda ya karkace. Da sarki ya aiko a kama 'ya'yan manyan gari a tsare su a Sisili don kada garin ya yi tawaye, ya yi ta jan ƙafa wata da watanni, amma a ƙarshe ya bi umarni, har da ɗan alƙalin da suke hira da shi kullum.

Kun tuna yadda muke cin abincin rana a makare, bayan la'asar, idan na dawo? Mahaifiyarku kan ajiye kwano ta zauna, kafin in wanke hannu ta tambaya:

"To Malam, yau kuma me Hakiminka ya aikata?"

Mujahid kullum yana goyon bayansa saboda doki da sulke. Ke Nafisa ba ki taɓa yafe masa ratayar nan ba. Kina nazarin littafinki na kimiyya, kamar ba kya saurare, sai ki ɗago ki ce:

"Baba, alkamar da ya raba ba ta dawo da mutum biyun nan ba."

Ganye na ƙarshe a akwatin ya tsaya a mummunan wuri. Rundunar yamma ta kusa, ana hango ƙurarta daga kan ganuwa. Jirage uku na jiran Hakimi a tasha su kwashe shi da mutanensa. Manyan gari sun zo suna roƙonsa ya buɗe ƙofa a yi sulhu kada a zubar da jini, sarkinsa kuma ya aiko ya riƙe garin ko ya mutu a cikinsa. Magatakarda ya rubuta cewa da safe mai garin ya kira shi ya ce ya ɗauko tawada, sai ganyen ya ƙare a tsakiyar magana. Sauran ya ɓata. Na yi kwana da kwanaki abin yana cina.

Bayan wata biyu Abu Faris ya hawo sama da gudu, har yana haki, da wani ganye cikin leda. Ya ce dillalin da ya sayar masa da akwatin ne ya gano shi a cikin wasu takardu. Na karanta a tsaye. Ganyen ya ce ranar Juma'a Hakimi ya tuɓe takobinsa, ya shiga masallaci, ya kama hannun alƙali ya yi kalmar shahada, ya buɗe ƙofofin gari, ya rayu sauran kwanakinsa cikin Musulunci aka binne shi a maƙabartar Musulmi. Wallahi sai da hawaye ya zubo mini. Na saba da mutumin nan kamar maƙwabci, ga shi Allah ya yi masa kyakkyawan ƙarshe. Da na kawo labarin gida mahaifiyarku har guɗa ta yi, ta dafa mana dambun shinkafa washegari. Abu Faris kuma ya ce akwai wani dattijo mai hali, mutumin kirki mai son addini, da yake son akwatin gaba ɗaya don ɗakin karatunsa. Abin da ya rage kawai in rubuta fassara, in kuma sa hannu a takardar shaida cewa na duba ganyayen duka, hannu ɗaya ne ya rubuta su.

Al'adata ce kafin in fassara komai sai na kwafe shi da hannuna harafi-harafi, haka mahaifina ya hore ni. A kwana na uku ina kwafe wannan ganye, na zo layi na tara, sai alƙalamina ya tsaya. Akwai ƙaf mai ɗigo biyu a sama. Na ce ko kashin ƙuda ne, na ɗauko madubin ƙara girma. Tawada ce. Na ci gaba, a layi na goma sha huɗu na sake samun wani. A ganye talatin da na shafe watanni ina karantawa, magatakardan nan bai taɓa yin haka ba ko sau ɗaya, kuma ba zai yi ba, kamar yadda ni ba zan wayi gari in rubuta sunana da kuskure ba. Da idona ya buɗe sai sauran suka fito. Takardar tsohuwa ce, amma tawadar tana zaune a kanta, ba ta ci jikinta ba kamar sauran. Hannun yana tafiya a hankali, irin tafiyar mai kwaikwayo. Wani ne da ya taso da rubutun gabas ya samu farin ganye a tsohon littafi, ya zauna ya ƙaga wa Hakimi ƙarshe, sau biyu hannunsa ya koma ga abin da ya saba.

Na sauka na sami Abu Faris yana goge wata tsohuwar buta ta tagulla. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye madubin.

"Habibi, ɗigo ne fa. Ɗigo! Mutum ba ya kuskure?"

Na ce, "Yana yi, amma ba irin wannan ba. Ganyen nan ba nasa ba ne."

Ya rufe ƙofar shago, ya zaunar da ni, ya yi mini magana a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce dattijon ba ya son akwatin sai da wannan ganye, domin shi ne zuciyar labarin. Ya ce kasuwa ta yi sanyi, shagon da ni da shi muke ci a ciki yana tangal-tangal.

"Wa za ka cuta, ya ustaz? Mutumin ya zama ƙasa. Musulunci za ka ba shi, ba zagi ba. Kai kanka ka yi kuka da ka karanta."

Na ce, "Na yi kuka. Amma ba ni ke ba da Musulunci ba, kuma dattijon nan mai saye da ransa. Zan fassara talatin ɗin in sa hannu yau. Wannan ɗaya kuwa sai dai in rubuta cewa ban yarda da shi ba."

Ya ce in je in yi tunani, mako ɗaya, shuwayya-shuwayya, babu gaggawa. Har yau ban sani ba ko ya san ganyen na jabu ne tun farko, ko shi ma dillali ne ya cuce shi ya rasa hanyar fita. Ban tambaye shi ba.

A gida na jira kuka tafi makaranta da safe, na zaunar da mahaifiyarku na gaya mata komai. Na bayyana mata cewa bizarmu duka a hannun shagon take, idan aikin ya tafi, zamanmu ya tafi. Ta murza zoben hannunta.

"Baban Nafisa, ka san saura wata huɗu yarinyar nan ta zauna jarrabawarta ta ƙarshe?"

Na ce na sani.

"Ka tabbata kuwa? Ba zato kake yi ba?"

Na buɗe mata hoton ganyen a waya, na faɗaɗa layi na tara. Kun san ita ma da Warash ta sauke Alƙur'ani a gidansu. Ta kai wayar kusa da taga, ta duba, ta sake dubawa, ta miƙo mini.

"Wannan ƙaf ɗin ba namu ba ne," ta ce.

Ta tashi ta shiga kicin. Na ji tana ta wanke kwanonin da na san a wanke suke. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce:

"Ni dai ba zan ce ka sa hannu ba. Amma kada ka sa rai zan ce maka sannu da ƙoƙari. Kai za ka gaya wa Nafisa da bakinka."

Na je wurin Alhaji Ɗanlami a sitonsa na Ras Al Khor, na same shi ana cika masa kwantena da injinan mota. Ya saurare ni yana ba leburori umarni, yalla yalla, su yi sauri, sannan ya ja ni inuwa.

"Malam Sabo, kai fa kana da wahalar sha'ani. Ka sa hannu ka yi istigfari mana. Kowa a garin nan yana rufe ido a kan wani abu."

Na ce masa ba tsarki nake nunawa ba. Abin da na iya a duniya ke nan, in dubi rubutu in faɗi abin da ke ciki. Mutane suna yarda da ni ne don su ba sa iya gani. Idan na sa hannu sau ɗaya, duk takardar da na taɓa karanta wa wani ta zama abin tuhuma, ko da ni kaɗai na sani. Ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta.

Ranar da na gaya miki, Nafisa, kina zaune a kan darduma da littattafanki baje. Na yi dogon bayani a kan ɗigo da tawada, ina ta kewaye-kewaye. Kika bari na gama, sannan kika ce:

"Baba, shi ya mutu. Ni ina nan da raina."

Na tashi na ce lokacin salla ya yi, alhali da saura.

Da mako ya cika na koma na gaya wa Abu Faris ban canza ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai iya riƙe ma'aikacin da zai tsaya a tsakaninsa da mai saye ba, ya ba ni haƙƙina cif, ya rungume ni a bakin ƙofa. Cikin 'yan makonni aka soke bizar. Na nemi aiki irin nawa ko'ina ban samu ba, masu wannan sana'a 'yan kaɗan ne kuma duk sun san juna. Alhaji Ɗanlami, wanda ya ce ina da wahalar sha'ani, shi ya ɗauke ni a sitonsa. Sai dai albashin bai kai wanda hukuma ke yarda mutum ya zauna da iyali ba. Haka kuka koma Kano gidan kawunku, ni kuma na koma unguwar leburori ta Muhaisnah, ɗaki ɗaya mu shida a gadaje masu hawa biyu, ni da 'yan Bangaladash uku da wasu samari biyu 'yan Maraɗi. Shekara huɗu ina rubuta sunayen 'yan kasuwar Kano a jikin kwalaye da alƙalamin maka mai kaurin baki, ina fassara tsakaninsu da direbobi, kafin in dawo Kano gaba ɗaya. Ban ji kunyar aikin ba. Samarin Maraɗin nan ma sun riƙe ni kamar uba, ba sa bari in ɗauki ko bokiti.

Abin da ya fi mini ciwo shi ne naki. Tsarin karatun can da na gida ba ɗaya ba ne, aka mayar da ke baya, kika rasa shekara biyu, kuma gurbin karatun likita da malamanki suke ce miki kamar a hannu yake, bai samu ba. Na san kina son aikin koyarwar da kike yi yanzu, na kuma san ba shi kika nufa ba. Mahaifiyarku ta yi kusan wata uku in na buga waya sai ta gaishe ni ta miƙa wa Ummi. Ba ta taɓa ce mini na yi kuskure ba, ba ta kuma taɓa ce mini na yi daidai ba, har Allah ya karɓi abarsa.

Akwatin kuwa an sayar. Na ji an samu wani ya sa hannu. Sau ɗaya na sake haɗuwa da Abu Faris, a cikin ƙaramin jirgin fito da ke tsallaka ruwa zuwa Deira. Ya tsufa, ya rame. Ya matso kusa da ni ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, bai manta ko ɗaya ba. Muka yi hirar zafi da tsadar haya har jirgi ya tsaya, kowa ya kama gabansa.

Na sha tambayar kaina, da za a mayar da ni wannan mako, me zan yi. Gaskiya ita ce ba zan sa hannu ba. Ba zan yi muku ƙarya a takardar da nake rubutawa don gyara zance ba. Amma akwai abin da zan canza. Ranar da na raka ku filin jirgi, na ɓoye a bayan kaya. Na yi ta auna jakunkuna, ina cire wannan ina cusa wancan, ina gardama da ma'aikaci a kan nauyi, duk don kada in haɗa ido da ke. Da aka kira ku, maimakon in ce miki na san abin da na ɗauke miki, kuma ki yafe mini, sai na ruga wani kanti na sayo miki kwalin cakulan na danƙa miki kamar 'yar shekara biyar. Kika karɓa da hannu biyu kika ce kin gode. Bayan kun shige na juyo, na gan shi a kan kujerar da kika tashi. Na ɗauka na shiga motar Muhaisnah da shi a cinyata, ban buɗe ba, na ba mai gadin ƙofa.

Maganar da ban yi ba ranar, yau na yi ta. Hukuncin nawa ne, amma ke kika biya mafi yawansa, kuma ba a tambaye ki ba. Idan kin gama karanta wannan, ki zo ranar Asabar da hantsi, ki bar yara a gida. Zan sa a shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida. Ki faɗi duk abin da kika riƙe tun wancan lokaci, da irin muryar da kika ga dama. Ba zan kare kaina ba, kuma wannan karon ba zan tashi ba sai kin gama.